AKWATIN ƘYANƘYASA: DABARAR CIN AMFANIN ƘWAN ZABI NA DAMANA



Da zarar ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro, sai zabi su fara ƙwai. Duk wanda ya zauna ƙasar Agye ko Gazawa ko Gidan Runji ya san wannan lokaci. Yaro zai bi sawun zabuwa cikin gona da sassafe, ya komo da ƙwai cike da hula. Ranar kasuwa kuma ga ƙwan zabi nan ƙwarya-ƙwarya a Cadawa da Gazawa da Tsibiri, ɗanye da dafaffe. Fatake na saye da araha, suna kaiwa Maraɗi da garuruwan Nijeriya.

Ƙwan nan da muke sayarwa da araha, in ya zama zabo, kuɗinsa ya ninka sau da yawa. To, me ya hana mu bar shi ya zama zabo? Na sha yin wannan tambaya a azuzuwan yaƙi da jahilci da nake zagayawa. Wasu kan ce mini ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ban ƙi maganarsu ba, domin damana lokaci ne da rumbu ke yin ƙasa. Amma mata sun fi ba ni amsa ta gaskiya. Sukan ce: "Malam, ƙwai ya yi yawa, masu kwanci sun yi kaɗan."

Inda matsalar take

Zabuwa gwanar ƙwai ce, amma ba gwanar kwanci ba ce. In ana kwashe mata ana bar mata biyu ko uku a gurbi, tana iya yin ƙwai 80 ko fiye daga watan Yuni zuwa Oktoba. In aka bar ta ta kwanta, cikin daji za ta yi, inda ruwa da maciji da tunku ke jiranta. Shi ya sa tun kakanni ake ɗora wa kaza ƙwan zabi.

Kaza kuwa tana da iyaka. Ƙwanta 10 zuwa 12 take rufewa, na zabi kamar 15. Ba ta yin kwanci ranar da kake so, sai ranar da ta ga dama. In ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, ta yi reno, wajen wata 3 ke nan ba ta yi maka ƙwai ba. Gidan da ke da zabi mata 6 da kaji 3, kafin kajin su gama zagaye ɗaya, ƙwai ya taru ya lalace ko an sayar.

Akwatin ƙyanƙyasa shi ne zai toshe wannan giɓi. Yana ɗaukar ƙwai 60 a lokaci guda, kuma ba ya jiran kowa. Na sayarwa da ake kira injin ƙyanƙyasa yana da tsada, kuma mafi yawansa da wutar lantarki yake aiki. Ƙauyukanmu da yawa ba su da ita. Ko a birni ma ba a mance da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da ke shigo mana ta layin Katsina zuwa Gazawa, ba a maido ta ba sai cikin 2024. Saboda haka a nan za mu yi bayanin akwatin da magini da kafinta da maƙeri na gari za su iya haɗawa, wanda ke aiki da fitila.

Dabarar ba ta yau ba ce

Kada wani ya ɗauka abin baƙo ne. Fiye da shekara 2000 ke nan mutanen Masar suna ƙyanƙyasar ƙwai cikin ɗakunan tubalin ƙasa, suna hura wuta kaɗan-kaɗan. Masu aikin sukan ɗora ƙwai a kan fatar ido su ji ko zafi ya yi daidai. Sana'a ce ta gado, yaro kan tashi cikinta. A shekarar 1749 wani masani na ƙasar Faransa mai suna Reyomur ya rubuta littafi a kan wannan aiki. Shi ya dogara ga ma'aunin zafi, domin wanda bai gaji sana'ar ba ma ya iya. A ƙasar Bangaladash kuma matan karkara na ƙyanƙyasar ƙwan kaji da na agwagi da fitilar kananzir da rairayi, da tallafin hukumar FIDA.

Wannan hukuma ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ta tallafa wa shirin PPILDA da aka fara a Agye a 2005, da PASADEM na jihar Maraɗi a 2012, da ProDAF a 2015. A cikin ayyukansu akwai taimakon mata da ƙananan dabbobi. Amma shiri yana zuwa ya ƙare. Abin da mutum ya iya ginawa da hannunsa shi ke zama a gari.

Me kaza ke yi wa ƙwai?

Kafin ka ɗauki guduma, ka zauna ka kalli kaza mai kwanci. Tana ba ƙwai ɗumin jikinta dare da rana. Tana juya shi da baki. Fuka-fukanta na tsare laima, kada ƙwai ya bushe. Kuma iska na ratsawa, domin ɗan tsako yana numfashi ta ƙananan ƙofofi na ɓawon ƙwai waɗanda ido ba ya gani. Ɗumi, juyi, laima da iska: akwatin da ya rasa ɗaya daga cikinsu ba zai ba ka tsako ba.

Ginin akwati

Akwatin hawa biyu ne. Ƙasa ɗakin fitila, sama ɗakin ƙwai.

Ɗakin fitila a gina shi da tubalin ƙasa, kada a yi da katako, saboda gobara. Faɗinsa santimita 60, tsawonsa 60. Tsayinsa ya ɗara fitilar da kamar tafin hannu. A bar masa ƙofa ta langa-langa inda za a sa fitila a fitar. A bar rami biyu a ƙasa don iska ta shiga, da rami biyu a sama ta baya don hayaƙi ya fita. Fitila mai gilashi za a yi aiki da ita, wadda ake murza lagwaninta. Aci-balbal ba ta yi, hayaƙinta ya yi yawa kuma iska na kashe ta.

A bisa ɗakin fitila sai a shimfiɗa farantin ƙarfe wanda maƙeri ya lanƙwasa wa baki. A liƙe gefensa da laka sosai. Wannan wuri na roƙe ku ku kula da shi. Zafin fitila muke so ya hau, ba hayaƙinta ba. In akwai ƴar kafa da hayaƙin kananzir ke bi ya isa ga ƙwai, ƴan tsaki za su mutu cikin ɓawo. A zuba rairayi mai tsabta, busasshe, a kan farantin, kaurin yatsa uku. Aikin rairayi shi ne ya sha zafi, ya raba shi ko'ina, ya kuma riƙe shi. Ko fitila ta mutu na ɗan lokaci, rairayi zai ci gaba da ɗumama ƙwai.

Ɗakin ƙwai kafinta zai yi shi da katako, bango biyu, ciki da waje. Tsakanin bangon biyu a bar santimita 5, a cusa ƙaiƙayin hatsi ko garin katako ko auduga. Murfin sama ma haka. Wannan shi ne bargon akwati. Daga ciki, faɗi ya zama santimita 50, tsawo 50, tsayi 40. Abin da ake cusawa yana kama wuta, don haka kada ya taɓa farantin ƙarfe. A raba su da layin laka.

Cikin ɗakin a kafa tire na ragar waya mai ƙananan idanu, wanda ake ja a fitar. Ya zauna santimita 15 zuwa 20 sama da rairayi. A kansa ƙwai zai kwanta. A yi masa baki mai ɗan tsayi, kada tsako ya faɗa kan rairayi mai zafi. Ƙarƙashin tiren, a kan rairayi, a ajiye tasa mai faɗi ta ruwa.

Sai ramukan iska. A huda 4 masu kaurin fensir a gefe, ƙasa da tire, da wasu 4 kusa da murfi. A tsakiyar murfi a yi rami ɗaya mai faɗin bakin kofin shayi, a sa masa ɗan marfi da ake turawa. In zafi ya yi yawa a buɗe, in ya ragu a rufe. A ƙofar gaba kuma a sa ɗan gilashi, yadda za ka leƙa ciki ba tare da ka buɗe ba.

Inda za a ajiye akwati yana da muhimmanci kamar gininsa. A nemi ɗakin ƙasa mai sanyi, mai rufin soro ko na ciyawa. Ɗakin kwano ba ya yi, da rana tanda ne, da dare kuma ya huce. Kada rana ta taɓa akwati, kada iskar ƙofa ta buge shi.

Ma'aunin zafi shi ne idonka

Cikin kayan nan duka, abu ɗaya ne ba a yi a gari, sai an saya: ma'aunin zafi. Kada ka yi rowa a kansa. Mu ba mu gaji aikin fatar ido irin na mutanen Masar ba. Hannu kuma maƙaryaci ne. Abin da hannunka ya ce ɗumi ne, ga ƙwai yana iya zama wuta.

Lambar da za ka riƙe ita ce 38. Digiri 38 a daidai inda ƙwai yake. In ya sauka 37 ka ɗan ɗaga lagwani. In ya kai 39 ka rage, ka buɗe marfin sama. Sanyi na ɗan lokaci jinkiri yake kawowa, ƙwai na jure shi, kamar yadda yake jurewa in kaza ta tashi cin abinci. Zafi kuwa ba ya yafiya. Awoyi kaɗan a sama da digiri 40 sun isa su kashe abin da ke cikin ƙwai.

Ka ajiye ma'aunin a kan tire, kansa daidai da bayan ƙwai, inda za ka gan shi ta gilashi. Kada ka rataye shi a murfi, kada ka ajiye shi a rairayi. Ka nemi irin wanda ke hawa yana sauka da kansa. Na likita mai ruwan azurfa in ya hau ba ya sauka sai an kaɗa shi. Amma yana da amfani guda: ka tsoma su biyu cikin ruwan ɗumi ka gani ko sun faɗi lamba ɗaya. In naka ya saɓa da na likita, ka san yawan saɓanin, ka rubuta a jikin akwati.

Bari in ba ku labarin kaina, ko da ba na yabo ba ne. Akwatina na farko na gama shi cikin watan Mayu. Ɗoki ya hana ni gwaji. Na zuba ƙwai 40, rabinsu ma na maiɗakina ne. Kwana 8 komai lafiya. Rana ta 9 na tafi rangadin azuzuwa, na bar fitila yadda na saita ta da asuba, lokacin da gari ke da sanyi. Da na komo bayan La'asar ma'auni na kan 43. Ko tsako ɗaya ban samu ba. Har yau in na yi maganar kiwo a gida, sai a tambaye ni labarin dafaffen ƙwai.

Darasi biyu na samu. Na farko, a ƙasarmu cikin Afirilu da Mayu zafin inuwa kansa yana wuce 40. A irin wannan lokaci da rana kashe fitila ake yi, har a rataya jiƙaƙƙen buhu kusa da akwati. Wanda bai ƙware ba ya bari sai damana ta zauna. Na biyu, ba a zuba ƙwai a sabon akwati sai an kunna shi babu komai ciki kwana 3. Ka duba ma'auni da asuba, da hantsi, da azahar, da magariba, da tsakar dare, ka rubuta. A nan za ka san halin akwatinka: yaushe yake hawa, yaushe yake sauka, kuma kananzir nawa yake sha a yini. In ya riƙe tsakanin 37 da 39 kwana 2 a jere, ya isa a ba shi amana.

Wane ƙwai za a zuba?

Ƙwan kasuwa caca ne. Ba ka san kwanansa ba, ba ka san ko ya sha rana da girgizar amalanke ba. Ka tara na gidanka ko na maƙwabcin da ka yarda da shi. Kada ya wuce kwana 7 da yi. Kowace rana ka ɗauka, ka rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. Ka ajiye shi wuri mai sanyi, kusa da randa, siririn kai ƙasa.

Ƙwan da babu namiji a bayansa ba ya tsako, ko da akwati ya fi kowane kyau. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Zabi ba haka suke ba, sun fi son zama biyu-biyu. In mata sun wuce 3 ko 4 ga namiji ɗaya, ƙwai da yawa zai zama fanko. Masu sayar da mazan zabi duka kafin damana su lura da wannan.

A ware mai tsaga, da ƙarami ainun, da babba ainun, da mai kashi a jiki. Kada a wanke ƙwai. Ruwa na cire kariyar da ke bayan ɓawo, ya tura ƙazanta ciki. In datti kaɗan ne a goge da busasshen ƙyalle.

Aikin kullum

Ka kwantar da ƙwai a gefensa. Gefe ɗaya ka rubuta X, ɗaya gefen O. Sau 3 za ka juya a yini: bayan sallar Asuba, bayan Azahar, bayan Lisha. In ka juya, duka su nuna alama iri ɗaya, ta haka za ka gane wanda ka tsallake. Me ya sa 3, ba 2 ko 4 ba? Domin dare ya fi tsawo. Da juyi 3, gefen da ya kwana ƙasa yau, gobe sama zai kwana. In ba a juya ba, tsako na manne wa ɓawo ya mutu. Ka wanke hannu da sabulu ka shanya kafin ka taɓa ƙwai, musamman in ka taɓa kananzir. Tsakiyar tire ta fi gefe zafi, tun da nan ne saitin fitila. Saboda haka kowace safiya ka maida na tsakiya gefe, na gefe tsakiya.

Tasar ruwa kada ta bushe. Ruwan ɗumi ake ƙarawa, ba mai sanyi ba. Da damana tasa ɗaya ta isa. Da hunturu, da iska ke busar da leɓe, sai an sa biyu. Fitila kuma a gyara mata lagwani kullum, a goge gilashi, a ƙara mai a waje, ba cikin ɗakinta ba. Harshen wuta ya zama ƙarami, marar hayaƙi. Bayan ka maida ta, kada ka tafi nan take. Harshen fitila kan ƙaru da kansa in ta yi zafi.

Ana iya ganin abin da ke cikin ƙwai. Da dare ka naɗe kwali a bakin tocila, ka ɗora babban kan ƙwai a kai. Na kaza a haska shi rana ta 7. Na zabi ɓawonsa ya fi kauri, sai rana ta 10. Mai rai za ka ga ɗigo baƙi da jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa fes, fanko ne. Wanda ke da zoben jini kewaye, ya fara ya mutu. A fitar da waɗannan biyu. In aka bar su za su zama baragurbi, su fashe su ɓata sauran. Fankon a dafa shi sosai a ba kaji.

Haskawa na nuna wani abu kuma. A babban kan ƙwai akwai aljihun iska, yana girma kullum. Kusa da ƙarshe ya kamata ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwai. In ya yi girma da wuri, laima ta yi kaɗan, a ƙara ruwa. In ya ƙi girma, laima ta yi yawa, a rage.

Yanzu ga inda karatunku zai yi rana. Ka samu littafi, ka ja layi. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, da lambar ma'auni sau 3, da alamar juyi, da ƙwan da ka fitar. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. In ka zuba ranar Juma'a, Juma'a ta uku zai fito. Na zabi kwana 26 zuwa 28. Na talotalo 28, na agwagwar gida 35. Tun ranar zubi ka lissafa ranar tsaida juyi da ranar fitowa, ka rubuta da manyan baƙaƙe. In aka yi hasara, littafin nan ne zai faɗa maka dalili. Tsaki sun fito da wuri, ƙanana? Zafi ya yi yawa. Sun makara da kwana 2 ko 3? Zafi ya yi kaɗan, ko ma'auninka na ƙarya. Wanda bai rubuta ba sai ya ce ƙaddara ce ko bakin mutane, ya sake maimaita kuskurensa.

Kwanakin ƙarshe

Ƙwan kaza a daina juya shi rana ta 18, na zabi rana ta 24. A cika tasa, a ƙara ta biyu ko jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, a buɗe ramukan iska duka. Daga nan a bar ƙofa rufe. Na san da wuya. Yara za su taru, kai ma kana son gani. Ku leƙa ta gilashi. Duk buɗewa tana fitar da laima, fatar cikin ƙwai ta bushe ta ɗaure tsako. Daga huda ɓawo zuwa fitowa yana iya ɗaukar yini guda. Kada ka ɓare masa, jini zai zuba.

Tsako ya zauna cikin akwati sai gashinsa ya bushe. Ba ya jin yunwa da wuri, domin gwaiduwar da ya shanye na riƙe shi kwana 2.

Amma a sani, akwati ya yi kwanci ne kawai, ba ya reno. Nan ne mutane da yawa ke hasarar abin da suka wahala a kai, musamman ƴan zabi, waɗanda sanyi da raɓa ke kashewa kamar ƙuda. Tun kafin ranar fitowa ka tanadi wurin reno: kwali babba ko kewayen tabarma cikin ɗaki, da shimfiɗar ƙaiƙayi busasshe, da fitila ko tukunyar garwashi mai murfi a tsakiya. Makon farko suna son zafi wajen digiri 35, sai a riƙa ragewa kowane mako. Su da kansu za su nuna maka. In sun cunkushe jikin wuta suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Ruwa ake fara ba su, cikin faranti marar zurfi da tsakuwa a ciki, kada su nutse. Abinci kuwa ɓarzajjen hatsi ko masara, da garin ƙuli-ƙuli marar gishiri, da garin kifi, da gara. Ƴan zabi kada su taka jiƙaƙƙar ciyawa sai sun yi mako 6 zuwa 8. Ka je wurin ma'aikacin kiwo na ƙaramar hukumarku a kan allurar rigakafin annobar kaji da ake kira Niyukasil, wadda ke share gari da hunturu, da kuma maganin tsutsar ciki.

Lafiyar mutanen gida

Kada a kwana ɗaki ɗaya da akwati ko da tukunyar garwashi. Hayaƙin gawayi cikin rufaffen ɗaki yana kisa, ba a ji ba a gani. Kananzir kada a zuba shi cikin gorar ruwan sha, yara na ɗauka su kurɓa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a kai shi likita nan da nan. Baragurbi da matattun tsaki a binne su da zurfi, a wanke hannu. In kaji na mutuwa da yawa a gari, kada a ɗauki ƙwansu, kada a ci, a sanar da ma'aikatan kiwo. Mun ga abin da murar tsuntsaye ta yi a Magarya a 2006.

Sannan ba duk ƙwai ne na akwati ba. Wanda aka ware saboda ƙanƙanta ko girma, in sabo ne, a dafa wa yara. Zancen da ake yi wai yaron da ke cin ƙwai zai zama ɓarawo, camfi ne. Daga wata 6 yaro na iya cin dafaffen ƙwai tare da nono, kuma yana gina jiki.

Wa ya kamata ya gina?

A ganina ba kowa ba. Wanda ƙwansa bai wuce 20 ba, kaza ta fi masa, ba ta shan kananzir kuma ita za ta yi reno. Wanda ba ya zama gida, kuma ba shi da mai karanta masa ma'auni, kada ya fara. Akwati ya fi dacewa da ƙungiyar mata ko ƴan aji guda. Su haɗa kuɗin gini, kowa ya kawo ƙwansa da harafin sunansa a jiki, su raba kwanakin tsaro.

Kananzir ya yi tsada, a wasu kasuwanni ma sai an nema. Saboda haka a yi lissafi tukuna. Abin da fitila ta sha a yini lokacin gwaji, a ninka shi sau 28, a ƙara na reno, a ƙara kuɗin ƙwan da aka hana kasuwa. Kada a sa rai duka za su fito. In ƙwai 60 ya ba da tsaki 35 a zubin farko, an yi abin kirki. Masu farantin hasken rana da batir suna iya sa ƙwan fitilar mota cikin ɗakin ƙwai a madadin kananzir, tare da ƴar na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta in zafi ya kai. Amma sabbin ƙwayayen lantarki masu farin haske ba su da zafi, ba su yin wannan aiki. Kuma ko da hasken rana ake aiki, a ajiye fitila kusa saboda kwanakin hadari.

Wanda ya yi niyya, ya gama gini kafin ruwa ya sauka, domin laka ta bushe. Ya yi gwajin kwana 3 a farkon damana. Zubin farko ya fara da ƙwan kaza 20, tun da mako 3 kawai yake ɗauka kuma ya fi sauƙin haskawa. In ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya cika tire da na zabi cikin Yuli. Bayan kowace ƙyanƙyasa a kwashe ɓawo, a wanke tire da tasa da sabulu, a shanya a rana, a sake rairayi. Littafin kuma a kawo shi aji, mu duba lambobin tare da malaminku ranar da na zo rangadi.